Kwasa-kwasan Zaɓi ga Ɗalibin Kwamfuta: Ƙididdiga, Lissafi, Rubutu, ko Wani Fanni Dabam?

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta ba ya rasa abin karantawa. Tun daga shekarar farko an cika masa jadawali da rubuta manhaja, algoridim (jerin matakan warware matsala), tsarin adana bayanai, ginin na'ura da sadarwar kwamfutoci. Abin da ya rage a hannunsa 'yan gurabe ne, uku ko biyar gwargwadon jami'a, waɗanda aka ce ya leƙa wasu sassan ya cike da abin da ya ga dama. Da yawa sukan cike su da kwas ɗin da aka ce malaminsa ba ya kayar da kowa, ko wanda bai faɗo da sassafe ba. Kula da maki ba laifi ba ne. Sai dai waɗannan gurabe su ne kaɗai inda digirinka zai bambanta da na sauran 'yan ajinku, don haka bai kamata a yanke shawararsu a daren da za a rufe rajista ba.

Ma'aunin da nake ɗora kowane kwas a kai guda ne: shin wannan abu zan iya koya wa kaina bayan na gama, ko kuwa sai da malamin da zai duba aikina ya nuna mini inda na kauce? Sabon harshen rubuta manhaja, mutum zai iya ɗaukarsa daga intanet cikin 'yan makonni, domin na'ura da kanta za ta faɗa masa idan ya yi kuskure. Akwai kuma ilimin da kuskurensa ba ya ƙara, sai ka shekara kana tafka shi ba ka sani ba. Irin wannan shi ya cancanci gurbinka.

Kafin mu shiga kwatance, bari mu sallami labaran da ake yawan ba ɗalibai. Duk inda aka tayar da wannan magana sai wani ya kawo Steve Jobs na kamfanin Apple. A jawabinsa ga ɗaliban Jami'ar Stanford a 2005 ya faɗi yadda ya riƙa shiga ajin ƙawata rubutun hannu a Kwalejin Reed bayan ya bar karatu, da yadda abin ya fito a kyawun haruffan kwamfutar Macintosh a 1984. Labarin gaskiya ne, amma ba ya nuna hanya. Waɗanda cacarsu ta ci su ake gayyata su yi jawabi. Dubban da suka zauna irin wannan aji suka tashi hannu rabbana, babu mai jin duriyarsu. Labarin Claude Shannon ya fi amfani. A wani kwas na falsafa a Jami'ar Michigan ya haɗu da manɗiƙin George Boole (ilimin ƙa'idojin kafa hujja), sannan a kundin digirinsa na biyu a MIT a 1937 ya nuna cewa da wannan aljebra ta "gaskiya ko ƙarya" za a iya tsara da'irorin lantarki. Abin lura shi ne, a 1936 digiri biyu ya fita da su, na lissafi da na injiniyancin lantarki. Ya ga alaƙar ne saboda ya yi nisa a ɓangarorin biyu.

Ƙididdiga da lissafi: inda zaɓin ya fi wuya

Karatun kwamfuta yana saba wa mutum da tabbas. Algoridim ɗinka ko dai ya jera lambobi daidai ko bai jera ba. Bayanan da za ka tarar a wurin aiki ba su san wannan ladabi ba, kuma a nan ne ƙididdiga take shigowa.

Ɗauki misali ka bi shi da fensir. An ba ka aikin gina manhajar da za ta gano cinikin damfara. A cikin kowane ciniki 1,000, guda ɗaya ne na damfara. Manhajarka tana kama kashi 99 cikin 100 na damfarar, kuma tana zargin mai gaskiya sau ɗaya kacal a cikin 100. Da jin wannan sai a tafa maka. To, a zuba mata ciniki 100,000. Na damfara 100 ne, ta kama 99. Na gaskiya 99,900 ne, ta zargi 999. Ke nan cikin mutum 1,098 da aka rufe wa asusu, 99 ne kawai ɓarayi. Fiye da tara cikin goma ba su ji ba ba su gani ba. Babu layin manhaja ko ɗaya da ya karye, babu saƙon kuskure da ya fito. Wanda ya zauna ajin lissafin yiwuwa zai hango wannan tun kafin ya rubuta layin farko. Wanda bai zauna ba sai ƙorafi ya fara shigowa.

Sanannen misali kuma shi ne na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1973. Alƙaluman ɗaukar ɗaliban manyan digiri sun nuna an karɓi kusan kashi 44 cikin 100 na maza masu nema, mata kuwa kusan kashi 35. Da masana ƙididdiga suka rarraba alƙaluman sashe-sashe sai hoton ya canza: mata sun fi neman sassan da suke ɗaukar mutane kaɗan, kuma a cikin yawancin sassan ba a ga an fifita maza ba. Bayanai guda, amsa biyu masu karo da juna, ya danganta da yadda ka yanka su. Kada kuma a ɗauka manyan kamfanoni sun tsira. Google ya ƙaddamar da Google Flu Trends a 2008 don hasashen yaɗuwar mura daga abin da mutane ke nema a intanet. A lokacin sanyin 2012 zuwa 2013 hasashensa ya zarce gaskiya nesa ba kusa ba, kuma a 2015 aka daina wallafa shi. Ba ƙarancin injiniyoyi ko na bayanai ya jawo ba.

Ko a aikin yau da kullum haka abin yake. An canza launin maɓalli a manhaja, an nuna wa rabin masu amfani sabon, rabi tsohon. Injiniya yana leƙa sakamako kowace safiya, ranar da ya ga sabon yana gaba sai ya tsayar da gwajin ya ce an yi nasara. Wannan leƙen shi kansa yana ninka yiwuwar samun nasarar bogi, kuma malamin tsara gwaji zai ja masa kunne a kai tun a makonnin farko.

Amma a kula, kwas ɗin ƙididdiga iri biyu ne. Akwai wanda ake shirya wa dukkan jami'a, inda ake ba ka ƙa'idoji ka haddace ka zuba lambobi. Wannan bai kai darajar gurbinka ba. Nemi wanda sashen ƙididdiga ko na lissafi yake ba ɗalibansa: lissafin yiwuwa da aka gina kan kalkulas, sannan wanda ke koyar da auna alaƙar abu da abu da tsara gwaji, musamman idan ana ba da bayanai na gaske masu datti a ce ka fitar da ma'ana.

Shi kuwa lissafi, akwai kwas ɗaya da ba ya cikin gasar ma, wato aljebrar matiris da bekta, lissafin lambobin da aka jera layi-layi. A jami'o'i da yawa dole ne. Idan a taku zaɓi ne, ka fara da shi kafin komai. Hanyar da Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suka kafa Google, suka bayyana a 1998 ta jera shafukan intanet bisa muhimmanci, a ƙasanta lissafin wata ƙatuwar matiris ce. Zanen kwamfuta mai fuska uku, matse hotuna, da tsare-tsaren ƙirƙirarriyar basira na yau, duk ninka matiris ne iri-iri. Wanda bai riƙe wannan ba zai iya kiran manhajojin da wasu suka rubuta, amma ranar da sakamako ya fito a karkace ba zai san inda zai taɓa ba.

Bayan wannan sai hanya ta rabu. Nazarin lambobi, wanda masanin lissafin Ingila G. H. Hardy ya yi alfahari a 1940 cewa ba a samo masa amfani a yaƙi ba, shi ne ya zama ginshiƙin tsarin ɓoye saƙo na RSA da Rivest, Shamir da Adleman suka fitar a 1977. Mai son tsaron bayanai ba shi da mafita sai ta nan. Akwai kuma nazarin kurakuran lissafin na'ura, kwas ɗin da ɗalibai ke gudu saboda sunansa ba ya jan hankali. A watan Fabrairun 1991 a Dahran ta Saudiyya, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot ta kasa tare wani makami mai linzami, sojojin Amurka 28 suka mutu. Agogon na'urar yana ƙirga lokaci da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, lambar da ba ta rubutuwa cif-cif da sifili da ɗaya. Ɗan guntun da ake yankewa ya yi ta taruwa, bayan kusan awa 100 tana kunne ya kai kusan sulusin daƙiƙa, wanda ya isa makamin ya fice daga inda na'urar ke nemansa.

To wanne za a ɗauka idan gurbi ɗaya ne? Ga mafi yawan ɗalibai, waɗanda za su fita su yi aikin gina manhaja ko sarrafa bayanai, ƙididdiga ta fi. Za ka yi amfani da ita ko da aikinka bai ambaci sunanta ba. Ga wanda ya ƙudurta digiri na biyu da na uku a ɓangaren algoridim, ɓoye saƙo ko tushen koyon na'ura, lissafi mai hujjoji ya fi, domin can za a ɗauka ka riga ka iya kafa hujja shafi biyu ba tare da ka zame ba. Ka kuma shiga da idonka buɗe: za ka zauna da 'yan sashen lissafi a filinsu, kuma makinka na iya jin jiki. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Rubutu

Wannan shi ne kwas ɗin da ɗaliban kwamfuta suka fi rainawa, kuma shi nake sa wa a matsayi na biyu, gaba da duk sauran da za su biyo baya. Edsger Dijkstra, wanda kowane ɗalibi ya san algoridim ɗinsa na gajeriyar hanya, ya rubuta a 1975 cewa baya ga son lissafi, babu abin da ya fi wa mai rubuta manhaja amfani kamar ƙwarewa ta musamman a harshensa na uwa. Ita kanta intanet a kan takardu take tafiya: tun 1969 ake rubuta ƙa'idojinta a jerin takardun da ake kira RFC, kuma kwamfutocin da ba su taɓa haɗuwa ba suna fahimtar juna ne saboda injiniyoyi daban-daban sun karanta jimla ɗaya sun fahimci abu ɗaya. A kamfanin Amazon, tun 2004 aka hana manyan ma'aikata gabatar da shawara da allunan majigi. Sai dai a rubuto bayani mai shafi shida a zauna a karanta shi shiru a farkon taro.

Da zarar ka wuce matakin ƙaramin ma'aikaci, rabin aikinka rubutu ne: takardar tsarin da za ka shawo kan abokan aiki da ita, rahoton abin da ya jawo manhaja ta faɗi cikin dare, sharhi kan aikin wani ba tare da ka ɓata masa rai ba. Wani zai ce ai yanzu ƙirƙirarriyar basira tana rubuta wa mutum. Tana gyara jimla, haka ne. Amma idan kai kanka ba ka san me kake son faɗa ba, za ta miƙo maka shafi uku masu santsi waɗanda ba su ce komai ba, kai kuma ba za ka gane ba.

Sunan kwas ɗin ba shi ne abin dubawa ba. Tambaya ita ce: malami yana karanta abin da ka rubuta ya dawo maka da shi ka sake? Takardar da ta dawo da jan biro, an zagaye sakin layin da kake ji da shi an rubuta a gefe "me kake nufi a nan?", an ja layi ƙarƙashin "a bayyane yake cewa" an ce "ga wa?", ita ce darasin. Ƙaramin ajin tarihi ko na falsafa da ake rubuta maƙala uku ko huɗu a zango yakan fi babban ajin "rubutun fasaha" da ake zuba wa ɗaruruwan ɗalibai jarrabawar zaɓi-ɗaya. Tarihi ma yana da ƙarin riba: yana koya maka auna majiya, ka tambayi wa ya rubuta wannan, yaushe, kuma me yake so a yarda da shi.

Halayyar ɗan Adam ko zane

Waɗannan biyu suna kai wa wuri ɗaya ta hanyoyi daban: mutumin da zai zauna gaban abin da ka gina. Tsakanin 1985 da 1987 na'urar gashin cutar daji mai suna Therac-25 ta zuba wa marasa lafiya hasken da ya wuce kima a lokuta shida da aka sani, wasu suka rasu. Akwai kurakurai a manhajar, amma binciken Nancy Leveson da Clark Turner na 1993 ya kuma nuna cewa na'urar ta saba jefo saƙonnin matsala masu lamba kawai ba bayani, har ma'aikata suka saba danna maɓallin ci gaba. Wanda ya karanci yadda hankali ke aiki ya san gargaɗin da ya yawaita yakan daina shiga kunne.

A fannin halayyar ɗan Adam, kauce wa kwas ɗin gabatarwa idan da hali, domin yawanci haddar sunaye ne da shekaru. Wanda ya shafe ka shi ne na fahimta, gani da tunawa, inda za ka haɗu da irin dokar da Paul Fitts ya fitar a 1954 game da lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga abu gwargwadon nisansa da girmansa, dokar da har yau take bayyana dalilin da ƙananan maɓallai ke ba mutane haushi. Geoffrey Hinton, wanda ya samu lambar Turing ta 2018, babbar lambar yabo ta fannin kwamfuta, da Nobel ta fiziks a 2024, digirinsa na farko a Cambridge a 1970 a wannan fanni ne.

Zane kuma aikin hannu ne. Ana liƙa aikinka a bango, 'yan aji da malami su yi ta sukarsa, ka koma ka gyara. Yana cin lokaci fiye da yadda yawan yunit ɗinsa ke nunawa, don haka kada ka haɗa shi da zangon da kake rubuta kundin kammalawa. Ribarsa ita ce za ka fita da abin nunawa. Mai son gina fuskar manhaja da mutane ke taɓawa, zane zai fi masa saurin amfani. Mai son bincike ko ƙirƙirarriyar basira, halayyar ɗan Adam.

Harshe da falsafa

Dangantakar kimiyyar harshe da kwamfuta tsohuwa ce. Rabe-raben nahawu da Noam Chomsky ya fitar a 1956 su ne ake koyarwa a kwas ɗin manhajar da ke fassara abin da ka rubuta zuwa harshen na'ura, kuma Larry Wall da ya ƙirƙiro harshen Perl a 1987 ya karanci harshe. Amma a faɗi gaskiya, kasuwar ta sauya. Ana danganta wa Frederick Jelinek na IBM barkwancin cewa duk sa'ad da ya sallami masanin harshe sai na'urar gane magana ta ƙara ƙwazo, kuma tun daga 2017 manyan tsare-tsaren harshe daga tarin rubutu suke koyo, ba daga ƙa'idojin da aka rubuta musu da hannu ba. Inda ilimin harshe bai rasa kujerarsa ba shi ne wajen gano inda na'ura ta yi ɓaranɓarama, wajen harsunan da ba su da rubutu mai yawa, da wajen sauti. Ko mai manhajar yau da kullum yana amfana: wanda ya san Turkanci na da harafin i iri biyu, mai ɗigo da marar ɗigo, ba zai ɗauka mayar da harafi babba abu ne guda a kowane harshe ba. Kwas ne mai daɗi, amma na uku ko na huɗu ne a layi, sai ga wanda ya nufi wannan fage.

A falsafa, kada ka ɓata gurbi a kan manɗiƙi na matakin farko. Ka riga ka yi shi a lissafin da sashenku ya koyar. Ɗabi'a da falsafar siyasa sun fi ba ka sabon abu. A 2016 kafar ProPublica ta zargi manhajar COMPAS, da wasu kotunan Amurka ke amfani da ita wajen hasashen sake aikata laifi, da yi wa baƙaƙen fata rashin adalci. Kamfanin ya ce ta wani ma'aunin ai adalci take yi. Masu bincike suka nuna da lissafi cewa idan yawan faruwar abin ya bambanta tsakanin rukunoni, ba zai yiwu a cika ma'aunan biyu a lokaci ɗaya ba. Lissafi ya kai ka nan ya tsaya. Wane ma'auni za a ɗauka, wannan muhawara ce da 'yan falsafa suka daɗe suna yi.

Tattalin arziki, kasuwanci da shari'a

Ɗalibai sukan ɗauki biyun farko abu ɗaya, alhali da tazara. Tattalin arziki na ƙananan rukunai, tare da nazarin dabarun gasa, yana koyar da yadda mutane ke amsa lada da tara, kuma duk tsarin da mutane da yawa ke amfani da shi sai wani ya nemi yi masa wayo. Gwanjon da William Vickrey ya nazarta a 1961, inda wanda ya ci yake biyan tayin da ke bin nasa, shi ne kakan gwanjon tallace-tallacen da Google ya yi shekaru yana samun kuɗi da shi. Masanin tattalin arziki Hal Varian ya zama babban masanin kamfanin a wannan fanni a 2007. Algoridim ɗin David Gale da Lloyd Shapley na 1962 na haɗa masu nema da gurabe, wanda kila ka gani a ajin algoridim, shi ne tushen aikin da ya ba Shapley da Alvin Roth Nobel a 2012, kuma irinsa ake amfani da shi wajen rarraba sababbin likitoci asibitoci a Amurka. Ɗalibin kwamfuta yakan ji kamar a gida yake a wannan aji.

Kwasa-kwasan kasuwanci kuwa, ban da ɗaya, suna iya jira. Wanda na ware shi ne ilimin akanta: iya karanta takardar shiga da fitar kuɗi da bambance riba da kuɗin da ke hannu. Sauran, irin su "kafa kamfani" da "shugabanci", mutum ya fi fahimtarsu bayan ya ɗanɗani aiki, kuma littattafansu ba sa bukatar malami.

Shari'a ma kusan haka. Ya kamata ka san cewa dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, tana iya cin kamfani tarar da ta kai kashi 4 cikin 100 na cinikinsa na shekara a duniya, kuma a 2023 an ci Meta Yuro biliyan 1.2 a ƙarƙashinta. Ya kamata ka san rikicin Google da Oracle kan layuka kusan 11,500 na harshen manhaja na Java sai da ya kai Kotun Ƙolin Amurka, aka yanke a 2021. Amma doka tana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, tana kuma sauyawa. Idan akwai kwas ɗaya kan haƙƙin mallakar fasaha ko sirrin bayanai, ya wadatar. Fiye da haka sai mai niyyar komawa can gaba ɗaya.

Fannin da za ka kai kwamfutar

Akwai zaɓin da ya sha bamban da duk na sama: ka ɗauki wani fagen kimiyya ka shiga da gaske. Ilimin halittu shi ne misali mafi haske. Aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam, daga 1990 zuwa 2003, ya shafi haruffa kusan biliyan 3, kuma hanyar Needleman da Wunsch ta 1970 ta kwatanta jeri biyu dabara ce da ka riga ka koya a ajin algoridim. Nobel ɗin kimiyyar sinadarai ta 2024 ta haɗa da Demis Hassabis da John Jumper saboda AlphaFold, manhajar hasashen siffar furotin. Hassabis kwamfuta ya karanta a Cambridge kafin ya yi digirin digirgir kan ƙwaƙwalwa. Jumper ta fiziks da sinadarai ya biyo. Haka injiniyancin lantarki, musamman sarrafa sigina: hanyar lissafi mai sauri da Cooley da Tukey suka wallafa a 1965 da danginta suna cikin sauti, hoto da sadarwar waya.

Ribar wannan hanya babba ce, domin masu iya rubuta manhaja sun yi yawa, masu iya ta da kuma fahimtar abin da likita ko injiniya ke faɗa kaɗan ne. Ga kuma ɗakin gwaji, wanda ba za ka same shi a intanet ba. Matsalarta ita ce kwas ɗaya ba ya yin komai. Gabatarwar ilimin halittu kaɗai za ta bar ka da sunayen sassan tantani. Sai ka yi biyu ko uku a jere kafin ka kai inda kwamfuta take da abin cewa, kuma kowanne yana da sharaɗin wanda ya gabace shi.

Wannan ya kawo mu kan tsohuwar gardama: a ɗanɗana ko'ina ko a nutse wuri guda? Ni ina ɓangaren nutsewa, da sharaɗi. Kwasa-kwasan gabatarwa biyar a sassa biyar suna da daɗin zama, amma su ne mafi sauƙin maye gurbi da karatun kai, kuma a takardar sakamako ba sa nuna komai. Idan gurabenka huɗu ne, ga yadda zan raba: ɗaya ƙididdiga, ɗaya ajin da ake rubutu ana gyara maka, biyu kuma a fanni guda, na biyun yana hawa kan na farko. Wane fanni? Wanda ka tarar kana karanta labarinsa ba wanda ya sa ka. Idan akwai na biyar, ba shi ga abin da ranka ke so kawai, kiɗa ne ko wani harshe ko ilimin taurari, kuma kada ka wahalar da kanka neman hujjar da za ta haɗa shi da aiki.

Sauran magana ta tsari ce, kuma a nan ake yawan yin asara. Sharuɗɗa su ne tarko: ɗalibi ya kai shekarar ƙarshe ya ga kwas ɗin da yake so, sai a ce sai wanda ya yi wasu biyu kafin shi. Tun a shekara ta biyu ka buɗe kundin kwasa-kwasan jami'a, ka nemo wanda kake son ƙarewa da shi, ka biyo sharuɗɗansa da baya. Duba ko ana ba da shi kowane zango ko sau ɗaya a shekara, da ko sashen yana karɓar 'yan waje, domin wasu sukan fara cike kujeru da ɗalibansu. Nemi jadawalin darasin bara da tsoffin takardun jarrabawa. Idan duk tambayoyin "kawo ma'anar kaza" ne, ka san irin ajin. Tambayi waɗanda suka yi shi abin da suka iya yanzu wanda da ba su iya ba, maimakon ko yana da sauƙi. Inda jami'a ta yarda a ɗauki kwas bisa "ya ci ko ya faɗi" ba tare da maki ya shiga lissafi ba, yi amfani da damar a kan mai wuyar da kake tsoro. Ƙididdiga kuma ka yi ta kafin ka fara kundin kammalawa, domin a babin sakamako za ka fara bukatarta.